Baƙi a Garinmu

Rumasa'u ta aiko hoto daga Oslo,
tana tsaye bakin ruwa, rigar sanyi har wuya,
wai nan bazararsu ke nan.
Bayanta jirage farare sun jeru kamar balbela.
Ta ce, "Baba, yau babu karatu,
yawo kawai, ba inda nake saurin zuwa."

Na kife wayar, na kira Kulu.
Shekara talatin da huɗu ina hukumar ruwa,
na san kowane bututu a Sakkwato,
amma ban taɓa fita don in dubi garin ba.
Ɗauko mayafinki, yau mu baƙi ne.
Ta ce, "Tsufa ya zo maka da sabon salo.
Bari in sauke tukunya, in ga ƙarshen wannan rawa."

Malami mai keke ya ce, "Ina munka nufa?"
Na ce, "Inda ka so, amma sannu-sannu."
Ya dube ni ta madubi, ya dubi Kulu,
ya ja mu kamar wanda ya ɗauko ƙwai a faifai.

A Ƙofar Marke na nemi marken, ban gan shi ba,
sai mai faci da tulin tayoyi,
da wani famfo yana tsiyaya a gefen hanya.
Hannuna ya yi ƙaiƙayi.
Kulu ta riƙe mini riga: "Baƙo ba ya gyara."
Na kau da kai, muka wuce, ruwan na zuba.

Hubbare. Muka tuɓe takalma.
Ƙasa ta yi wa tafin ƙafata sannu da zuwa.
Na yi addu'ata gajera, na fito inuwa,
ita ta daɗe, tana lissafo 'ya'ya da jikoki,
har da wadda ke can inda rana ke ƙin faɗuwa.

Wajen dukawa warin jima ya tare mu tun daga nesa.
Jar fatar akuya, an shanya ta kamar garwashi.
Kulu ta ɗauki jaka, ta juya, ta shinshina,
ta taya, aka ce albarka, ta ƙara, aka ce albarka,
ta ajiye, ta ce dama gani muka zo.
Dattijon ya yi dariya, bai ɗaga kai daga basilla ba.

Azahar ta same mu gindin dogonyaro.
Fura mai yaji, nono mai tsami, ludayi ɗaya,
ni in sha, in miƙa mata, ta sha ta miƙo.
Rabon mu da haka tun kafin a haifi Rumasa'u.
Na yi gyangyaɗi a benci, hulata ta faɗi,
ba wanda ya tashe ni, ba wanda ke jirana.

Da la'asar sakaliya muka sauka Kwalkwalawa.
Rima ya ja da baya, ya bar wa masu albasa fili.
Raƙumi biyu suna tsallake gada, ba ruwansu da hon.
Wani masunci ya watsa birgi,
ya buɗe a sama kamar babbar riga,
ya dawo da ƙananan kifi uku da takalmin roba.
Muka sayi soyayye a takarda, muka ci a tsaye.

Malami ya ɗauke mu hoto.
Yatsansa ya rufe rabin gulbin,
Kulu ta runtse ido, ni bakina duk mai.
Haka na tura shi, ban gyara komai ba.

Bayan isha'i amsa ta iso, murya ce,
ta yi dariya, ta yi shiru, ta ja hanci:
"Baba, nan har yanzu da sauran rana.
Wannan kifin, da yajin nan na ƙuli ne?"

Tuwon dare bai samu ba, muka jiƙa gari.
Kulu ta sa ƙafafunta a ruwan ɗumi,
tana mita a kan kuɗin keke da zafin gwiwa.
Na kashe fitila, na yi zaton ta yi barci,
sai na ji ta cikin duhu:
"Gobe kuma wace unguwa?"